Yadda Ake Girka Hitar Gas Marar Bututun Hayaƙi: Lissafin Ɗaki, Iska da Tazara

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, idan jaura ta taso kuma hazo ya rufe gari, abin da mutumin Katsina ya saba yi da dare sananne ne: ya rufe taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya jawo kaskon gawayi kusa da shimfiɗa. A 'yan shekarun nan wasu magidanta sun fara maye gurbin kaskon da hitar gas, wadda ake kafawa a jikin bango ko a girka ta cikin wani gurbi mai kama da murhun Turawa, har da itatuwan ado na tangaran waɗanda wuta ke lasa ba ta cinye su. Irin da muke magana a kai ita ce wadda ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Duk abin da wutarta ta haifar, mai kyau da marar kyau, a cikin ɗakin yake zama, kuma iskar da take ci ita ce wadda mutanen ɗakin suke shaƙa. Saboda haka al'adarmu ta toshe kowace kafa a lokacin sanyi ita ce babbar abokiyar gabar wannan na'ura, kuma kowane mataki da zai biyo baya a kan wannan gaskiyar aka gina shi.

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Muddin hitar tana samun isasshiyar iska kuma bakin wutarta a tsaftace yake, abin da take fitarwa galibi tururin ruwa ne da irin iskar da mu ma muke fitarwa a numfashi. Idan iska ta yi ƙaranci, ko ƙura ta toshe hanyarta, sai ƙonewar ta kasa kammala, a nan ne ake samun iskar kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ita ce dai gubar da ke hallaka iyalan da suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen wuri. Wannan ne ya sa ba ko'ina aka yarda da irin wannan hita ba; a Amurka ma, inda ta fi yaɗuwa, jihar Kaliforniya ta hana amfani da ita a gidajen zama.

Mataki na farko ana yin sa ne tun a shago, kafin a biya kuɗi. A juya hitar a karanta farantin da ke bayanta. A tabbatar an rubuta LP ko LPG, domin gas ɗin da muke cikawa a tukunya ke nan. Wadda aka rubuta NG ko Natural Gas a jikinta an ƙera ta ne don gas ɗin da ake jawowa gidaje ta bututun ƙarƙashin ƙasa, ramukan bakin wutarta sun fi faɗi, kuma idan aka haɗa ta da tukunyarmu za ta yi ta tashin harshen wuta da baƙin hayaƙi. Masu ƙera irin waɗannan hitoci sun hana a sauya su daga wannan gas zuwa wancan, don haka duk mai gyaran da ya ce zai canza mata kai, a yi masa godiya a wuce. Sannan a nemi haruffan ODS, wato na'urar da ke kashe gas idan oksijin ɗin ɗaki ya sauka zuwa wajen kashi 18 cikin 100. Tun shekarar 1980 aka wajabta sanya ta a irin waɗannan hitoci a Amurka. Kayan gwanjo sukan zo babu littafin bayani. Idan haka ta faru, a ɗauki lambar samfurin a nemo littafin a intanet kafin a ɗaura ko da kusa ɗaya, domin alƙaluman da ke cikinsa su ne na ƙarshe, sun rinjayi duk wanda zan kawo a nan.

Mataki na biyu shi ne auna ɗaki, kuma a nan ne ya kamata a zauna da tef da biro, a bar kintace. Ana rubuta ƙarfin hita da ma'aunin zafi da ake kira BTU a kowace awa, ko da kilowat. Ƙa'idar da littattafan Amurka suke bi ita ce kowace BTU 1,000 tana bukatar sararin ɗaki na kubik ƙafa 50, wanda ya yi daidai da kubik mita 1.4, ko kuma kubik mita 4.8 ga kowane kilowat ɗaya. Ana samun sararin ɗaki ne idan aka ninka tsawo da faɗi da tsayin bango daga daɓe zuwa silin. A ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3: sararinsa kubik mita 60 ne. Idan aka raba 60 da 1.4 za a samu wajen 42, ma'ana iyakar wutar da falon zai ɗauka ita ce BTU 42,000. Amma ɗaki mai mita 3 da mita 3 wanda aka sauko da silin ɗinsa zuwa mita 2.7 saboda adon POP, sararinsa kubik mita 24 ne da 'yan kai, iyakarsa BTU 17,000, don haka hita mai BTU 20,000 ta fi ƙarfinsa. A lura cewa daga silin ake aunawa, ba daga kwano ba.

Lissafin bai ƙare a kan hitar kaɗai ba. Duk wani abu mai cin wuta da ke raba iska da ɗakin sai an tara ƙarfinsa a kai, kamar kukar gas da ke kicin ɗin da babu ƙofa tsakaninsa da falo, ko risho. Haka kuma ba a haɗa sararin ɗakin da ke kusa a cikin lissafi sai idan babu ƙyaure tsakaninsu, ko kuma an buɗe kafofin iska na dindindin a bangon da ya raba su. Littattafan hitar Turai mai taya, wadda tukunya ke zama a cikinta, sun ma fi tsanani, domin mai kilowat 4.2 sukan nemi falo mai kubik mita 84. A ganina ma, mafi yawan masu saye a nan suna zarce bukatarsu ne. Sanyinmu yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, amma ba ƙanƙara ke zuba ba, kuma hita mai BTU 10,000 tana isar matsakaicin falo ta gusar da sanyi. Babbar hita gas kawai take sha: mai BTU 20,000 idan aka ƙure ta tana cin kusan giram 400 a awa, wato tukunya mai kilo 12.5 wajen awa 30 kawai za ta yi.

Game da ɗakin kwana, dokar gas ta Amurka ta iyakance hitar da za a kafa a bangonsa ga BTU 10,000, ta banɗaki kuma ga BTU 6,000, kuma da sharaɗin tana da ODS. Shawarata ita ce a bar ta a falo kawai. Na san inda bukatar ɗumi ta fi tsanani shi ne ɗakin mai jego, da ɗakin tsofaffi, da na yaro mai ciwon sikila wanda sanyi ke tayar masa da ciwo, amma waɗannan su ne gubar ta fi saurin kayarwa: jarirai, masu juna biyu, masu ƙarancin jini, masu asma da masu ciwon zuciya. Abin da ya fi shi ne a ɗumama falo da maraice, a bar ƙofar ɗakin a buɗe ɗumi ya shiga, sannan a kashe kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Mataki na uku shi ne buɗe wa iska hanya, kuma shi ne wanda masu gida suka fi ƙi, domin suna ganin kamar ana zuba ruwa ne a kwando: a kunna wuta kuma a bar kafa. Tsofaffin gidajenmu na ƙasa, masu ƙyauren katako da 'yan tagogi marasa gilashi, suna numfashi da kansu. Sababbin gine-gine kuwa, masu tagar alminiyam mai zamiya da ƙofar ƙarfe mai roba a gefe, an yi su ne don kada sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya fita, kuma da yawa an toshe musu ramukan iskar da magina suka saba bari a saman bango saboda ƙura da sauro. A irin wannan gida, ko da lissafin sarari ya yi daidai, sai an samar da kafa ta dindindin.

Kafofi biyu ake bukata, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa: ta saman kada ta wuce santimita 30 daga silin, ta ƙasan kada ta wuce santimita 30 daga daɓe. Hikimar ita ce iska mai zafi da aka riga aka ci tana tashi ta fita ta sama, sabuwa mai sanyi ta shigo ta ƙasa, kuma kafar ƙasan tana ba gas hanyar fita idan ya zuba, tunda ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Idan zuwa wani ɗaki ko baranda ta cikin gida za a huda, kowace kafa kada ta gaza murabba'in inci 100, wato kusan santimita 25 da santimita 26, kuma sai an sake lissafin sararin wuraren biyu a haɗe. Idan kai tsaye waje za a huda, ƙa'idar ita ce murabba'in inci ɗaya ga kowace BTU 4,000, wanda ƙaramin rami ne. Amma tunda dole a sa ragar sauro, ita kuma ƙurar hunturu tana liƙe ta cikin 'yan kwanaki, ya fi kyau a ce wa birkila ya bar gurbin rabin bulo, a sa raga, a riƙa goge ta da buroshi duk mako. A zaɓi bangon kudu ko na yamma idan da hali, domin jaura daga arewa maso gabas take bugowa. Kada a sa wa waɗannan kafofi murfi, kuma a gaya wa iyali dalilinsu, don kada wata rana a tarar an cusa musu kwali ko an jingina kabad a kansu. Bayan wannan duka, a duk lokacin da hitar ke ci, a zame taga kamar faɗin yatsu biyu.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen wuri da barin tazara. A sama wa hitar bango na bulo da filasta, ba wanda aka lulluɓe da katako, roba ko takardar ado ba, domin zafi yana narkar da roba kuma yana canza launin takarda. Ga hitar bango, abin da littattafai suka fi nema shi ne inci 36, wato kusan santimita 90, daga samanta zuwa silin, da irin wannan tazarar a gabanta babu komai mai kamawa da wuta; ni nakan ce a mai da shi mita ɗaya cif don sauƙin tunawa. A gefe ana barin santimita 15 zuwa 25 daga kusurwar bango, gwargwadon samfuri, a ƙasa kuma a ɗaga ta aƙalla santimita 8 daga saman kafet ko leda. Mai tsayawa da ƙafafunta ba a ɗora ta kai tsaye a kan kafet; a kan tayil ko siminti ake ajiye ta. Ga wadda ake girkawa cikin gurbin murhu, littattafai sukan nemi inci 42, wato wajen santimita 107, daga saman bakin gurbin zuwa silin, da wajen santimita 40 daga gefensa zuwa bango, sannan sashen da ke saman bakin ya zama na dutse, tayil ko siminti har kusan santimita 30. Kantar katako da ake ƙawata saman murhu da ita tana da nata jadawalin a littafi: iya fitowarta gaba, iya nisan da za a ɗaga ta.

Awon tef ba ya ganin abin da ke motsi, don haka a tsaya a falon a dube shi yadda ake zama a cikinsa. Labulenmu dogaye ne masu jan ƙasa, kuma tunda za a bar taga a buɗe, iska za ta riƙa kaɗa su. A auna daga inda labulen ke kaiwa idan ya tashi. A dubi inda ake shimfiɗa darduma, inda yara ke jefa matashin kujera, da hanyar da mai babbar riga ko mai dogon hijabi ke bi zuwa ƙofa. Kada a kafa hita a bayan ƙyaure ko a mashigi. Kada a rataye talabijin a samanta ko da wurin ya yi kyau a ido. Kada fanka ta riƙa hura ta kai tsaye, domin tana karkatar da harshen wuta ta sa shi yin hayaƙi. Shanya kayan jariri ko tawul a kanta kuwa haramun ne a wannan babi, ko na minti ɗaya. Gidan da ke da masu rarrafe sai an kewaye ta da shingen ƙarfe da aka ɗaure a bango.

Mataki na biyar, haɗa gas, aikin ƙwararre ne, amma mai gida ya san abin da zai sa ido a kai. Tukunya a waje take zama, a tsaye, a inuwa, cikin kejin ƙarfe mai shan iska, nesa da taga, janareta da bakin magudana ko sokawe, saboda gas mai nauyi yana gangarawa rami ya taru. Daga nan a jawo bututun tagulla ta cikin bango, a sa masa riga ta wani bututun don kada siminti ya ci shi, a sa makunnin rufewa a cikin ɗaki inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban wuta ba. Hitocin Amurka masu amfani da gas na tukunya suna son matsin da ke tsakanin miliba 27 da 35, don haka regileta mai ƙaramin matsi ta miliba 28 zuwa 30 ake sawa. Regileta mai murɗawa irin ta masu suyar kasuwa ba ta wannan aiki ba ce. Inda aka yi amfani da tiyo, ya zama na gas, gajere, da kilif a kowane baki. Idan an gama, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowane mahaɗi. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne yoyo yake. Ba a gwada yoyo da ashana.

Kafin kunnawar farko a buɗe tagogi duka, a sunkuya a shinshina kusa da daɓe, a jira minti biyar. A danna makunni a kan ƙaramar wuta, wato ɗan harshen da ke kunna babbar wuta, a kyasta, a ci gaba da dannawa kamar daƙiƙa 30 har 'yar sandar ƙarfen da ke gefenta ta yi zafi, sannan a saki a buɗe babbar wuta. Sabuwar hita takan yi warin fenti da mai na 'yan awoyi, wannan ba laifi ba ne muddin tagogi na buɗe. A hitar bango mai harshen wuta, shuɗi ake so, tsayayye. Ɗan jan da ke walƙawa ya ɓace ƙura ce ke ƙonewa, amma harshe mai rawaya da ya zauna, ko baƙi a bango da silin, alama ce ta a kashe a nemi mai gyara. Mai itatuwan ado an ƙera ta ne da harshe mai rawaya, sai dai dole kowane itace ya zauna daidai inda littafi ya nuna, domin wanda ya goce ya tare wuta shi ke jawo hayaƙi. Yayin da take ci kada a fesa maganin sauro ko turaren ɗaki, kuma a dakata da turaren wuta, domin duk abin da ke yawo a iska sai ya bi ta cikin wutar ya fito da wari mai ƙona ido.

Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa kirana a kan hitarsa, ya ce, "Malam, wannan abu ba ya awa ɗaya sai ya mutu, kuma yaron da ya duba ya ce zai buɗa ramin da allura." Da na shiga na tarar an liƙe tagogi da salatif, an toshe ƙasan ƙofa da buhu. Na ce masa, "Baba, ai ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi." Yadda ODS ke aiki shi ne, idan oksijin ya ragu, ƙaramar wutar tana ɗagawa daga jikin sandar ƙarfen, sandar ta huce, gas ya yanke. Wanda ya faɗaɗa ramin, ko ya ɗaure makunni da waya don kada ta mutu, ya cire mai gadin ɗakin ne da hannunsa. Idan tana mutuwa alhali iska na shiga, to ƙura ce ta toshe ɗan ramin iskar da ke jikin ƙaramar wutar. A kashe, a bari ta huce, a hure shi da iska. Littattafai sukan ce a yi haka duk wata uku, amma ba don hazon Katsina aka rubuta su ba, a nan duk mako biyu ya fi dacewa.

Sai dai ODS ƙarancin oksijin kawai take ji, ba ta jin kabon monoksaid, kuma hita mai datti tana iya fitar da gubar alhali oksijin bai sauka ba. Don haka mataki na shida shi ne sayen ƙararrawar kabon monoksaid mai batir, wadda ke ɗauke da lambar inganci EN 50291 ko UL 2034. A kafa ta a ɗakin da hitar take, mita ɗaya zuwa uku daga gare ta, a ƙara wata kusa da ɗakunan kwana. Ba ita ce ƙararrawar hayaƙi ba, ba kuma ita ce mai jin yoyon gas ba, wadda ake sawa can ƙasa kusa da daɓe. A riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a baya. Wata alamar da ido ke gani ita ce raɓa a gilashi: kowace BTU 1,000 tana zuba wa ɗaki kusan mililita 30 na ruwa a awa, wato fiye da rabin lita ga hita mai BTU 20,000. A bushewar hunturu wannan yana da daɗi ga hanci da leɓe, amma idan ruwa ya fara gangarowa a taga, iskar ɗakin ba ta sauyawa yadda ya kamata.

Alamomin gubar suna kama da farkon zazzaɓin cizon sauro, abin da ke sa a sha magani a koma a kwanta a ɗakin da ke kashe mutum: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewar tunani, sai dai babu zafin jiki. Idan mutum biyu ko uku suka kamu a lokaci ɗaya, ko aka ji sauƙi da an fita tsakar gida, a fitar da kowa, a rufe tukunya daga waje, a bar ƙofofi a buɗe, a tafi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita ƙarara cewa an zauna da hitar gas, domin oksijin ake sa wa mai wannan matsala. Idan kuwa warin gas aka ji, kada a taɓa makunnin lantarki ko a kunna tocila a ciki. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita.

Idan sanyi ya wuce a ƙarshen Fabrairu, a rufe tukunya a bar wutar ta cinye gas ɗin da ya rage a bututu, a cire regileta, a lulluɓe hitar da kyalle mai kauri. Kafin a sake kunna ta a Nuwamba mai zuwa, a kira mai gyara ya buɗe bakin wutar ya duba, domin zanzaro da gizo-gizo suna son yin gida a cikin waɗannan ramuka a lokacin damina, sannan a sake gwajin ruwan sabulu a kowane mahaɗi, a leƙa kafofin iska biyun nan a tabbatar ba a toshe su ba.